Gulbin da Na Gina da Hannuna

Tulu na saba ginawa, da randa, da kasko.
Sai ga Fassuma ta ma'aikatar ruwa,
kwamfuta a hammata, ta durƙusa ta ce:
Inna Tsahara, gulbi za ki gina mana.
Na yi dariya har kallabina ya zame.

Kwana uku ina cuɗa yumɓu
a farfajiyar lakwal ta Jiratawa.
Na ɗaga tudu, na ƙwaƙule kwari,
na jawo gulbin da ɗan yatsa tun daga iyaka,
na lotsa tafkin Madarumfa da gindin ƙwarya,
na bi da shi ta gefen Maraɗi,
na kai shi Tibiri, na sake shi.

Ran Laraba suka zo, kowa da fushinsa a aljihu.
Nomau mai zogale ya ce kwanar nan ta yi faɗi.
Nagoma masunci ya leƙa tafkin, ya yi tsaki:
wannan zurfin na zamanin kakana ne.
Ya dumbuzo yashi ya cike rabinsa.
Riskuwa bai ce uffan ba.
Ya jingine sanda, ya jera tsakuwa ɗaya bayan ɗaya
har bakin ruwa.
Nan burtali yake, kafin albasa ta cinye shi.
Fassuma ta duba na'urarta, babu burtali a ciki.
Ta ce a dakata. Ta rubuta.

Kowane injin ban ruwa, tsumma aka sa a madadinsa.
Nomau ya ajiye bakwai, yana kallon sama.
Aka ba wani yaro buta, ya tsiyaya daga kudu.
Ruwan ya taho kamar mai jin kunya,
tsumma ta farko ta sha, ta biyu ta sha,
kafin Tibiri sai danshi,
sai busasshen zanen yatsana.

Bizo na ƙasan gulbi ya miƙe tsaye:
Shekara shida ina faɗa, kuna cewa hassada ce!
Nomau ya ce gonar gado ce, da me zan ci da gida?
Murya ta hau murya.
Fassuma ba ta raba su ba,
ta ɗauke tsumma uku, ta ce yaro ya sake zubawa.
Ruwan ya rarrafa, ya tsaya, ya rarrafa,
ya taɓa babban yatsan ƙafar Bizo.
Aka yi tsit.

Sai aka ce a gwada malka.
Bokiti guda aka juye.
Inda muka kafa tsinken tsintsiya a madadin gawo, gaɓa ta riƙe.
Inda babu, ta narke kamar fura.
Sai ga wata kwana ta ɓalle,
ruwa ya haura gonaki uku.

Na san kwanar.
Nan nake haƙar yumɓu tun ina goyon Ilya.
Na lafta mata laka mai kauri daren jiya
don kada ido ya kai wurin.
Ruwa bai san kara ba.
Na ce: wannan ramin nawa ne.
Ba wanda ya dube ni, kowa na duban nasa.

Ba mu gama ba ran nan.
An dai ce injuna su yi karɓa-karɓa,
burtali ya dawo, taku talatin, Riskuwa na neman arba'in.
Ni zan koma haƙa can bayan tudu,
tafiyar jaki ce, ga gwiwata.
Fassuma ta zuba duka cikin na'ura,
ta ce wata mai zuwa za mu ga abin da lissafi ya ce,
mu kuma mu gaya masa inda ya yi ƙarya.

Muna naɗe tabarmi
wata akuya ta ratso ta kan Maraɗi,
ta sunkuya, ta shanye tafkin Madarumfa tas.
Nagoma ya dafe kai.
Ran nan na fara ganin haƙoran Riskuwa.